Kanya da jan biri

Kanya da jan biri halittu biyu ne na dajin ƙasar Hausa. Kanya itaciya ce mai fure da 'ya'ya, wadda ke fitowa da kanta ba tare da an shuka ta ba, shi kuwa jan biri dabba ce mai shayarwa daga cikin dangin birai. A kimiyyance ana kiran kanya Diospyros mespiliformis, jan biri kuma Erythrocebus patas. Babu dangantakar asali a tsakaninsu, amma Bahaushe ya daɗe da haɗa su a karin maganar nan da ke cewa "kanya ta nuna, biri ya karye". Wannan muƙala tana kwatanta su ta fuskar suna, siffa, haihuwa da zamansu da mutane, musamman a yankin Tsamaye da kewayensa, wato ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa a ƙasar Gobir ta jihar Sakkwato.

Suna

A Hausar Kano da ta rubutu ana cewa kanya, amma a Hausar yamma akan ji kaiwa, kamar yadda ake cewa icce a maimakon itace. Likitan nan ɗan ƙasar Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya kawo sunayen biyu a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda ya fito a 1916. Fulani suna kiran itaciyar nelɓi. Sunan ya shiga cikin sunayen garuruwa, misali Kanya Babba a ƙaramar hukumar Ɓaɓura ta jihar Jigawa. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin a Sabon Birni ma akwai mazaɓar Kalgo da ta Unguwar Lalle, ga kuma Tsamaye.

Sunan kimiyya na kanya ya fito a rubuce a 1844, daga aikin Hochstetter na Jamus da Alphonse de Candolle na Suwizalan. Kalmar Diospyros daga Girkanci take, ma'anarta ta yi kusa da "hatsin Zeus", wato babban abin bautar Girkawan dauri. Masu jin Ingilishi a kudancin Afirka sun raɗa mata suna daga dila, saboda ana yawan ganin ƙwallayenta a cikin kashinsa.

Shi jan biri, sunansa na kimiyya fassarar sunansa na Hausa ce kusan kalma da kalma, ko da yake ba daga Hausa aka ɗauko ba: a Girkanci erythros ja ne, kebos kuma biri mai dogon wutsiya. Kalmar patas ta samo asali daga harshen Wolof na Senegal. Masanin Jamus Schreber ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarun 1770.

Kalmar biri tana da wani aiki a sunayen tsirrai. Idan aka ce tsamiyar biri ko goron biri, ana nufin abu ne da ya yi kama da tsamiya ko goro amma ba shi ba ne, na daji ne, bai kai na mutane daraja ba. Kanya ba ta shiga wannan sahu ba. Tana da sunanta na kanta, kuma mutum da biri duka suna neman ta.

Karin maganar "kanya ta nuna, biri ya karye" ana yin ta ne idan abin da mutum ya daɗe yana jira ya samu a daidai lokacin da ba shi da halin cin moriyarsa. Akwai wasu da suka shafi biri shi kaɗai, kamar "biri ya yi kama da mutum", wadda ake faɗa idan zato ya fara kama da gaskiya, da kuma "ana ganin wuyan biri a ɗaure shi a ƙugu".

Yankin

Tsamaye mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Sabon Birni, a gabashin jihar Sakkwato, kusa da iyakar Nijar. Isa tana kudu da Sabon Birni. Wannan ita ce tsakiyar tsohuwar daular Gobir, domin kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, yana cikin wannan yanki, Tsibiri kuma tana tsallaken iyaka kusa da Maraɗi.

Ƙasar tudu ce mai rairayi, ga kuma fadamu a gefen Gulbin Rima da kogunan da ke zuba cikinsa, irin su Bunsuru, Gagare da Gulbin Maraɗi. Damina gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 700 ba. Itatuwan da aka fi gani su ne gawo, aduwa, bagaruwa, kuka, tsamiya, magarya, kurna, kalgo da sabara. Wannan rabuwa ta tudu da fadama ita ce ke raba halittun biyu: kanya ta fi son inda ƙasa ke riƙe da laima, jan biri kuwa ɗan fili ne.

Siffar kanya

Kanya tana cikin dangin Ebenaceae, wato dangin itatuwan da ake samun baƙin katako mai nauyi daga gare su. A wuri mai ruwa tana iya kai tsawon mita 25, amma a busasshen wuri takan tsaya ƙasa da haka sosai. Ɓawonta baƙi-baƙi ne mai kaushi da tsage-tsage. Ganyenta kore ne shar mai ɗan sheƙi, sabon toho kuma yakan fito ja-ja kafin ya rikiɗa. Ba ta cika zubar da ganye gaba ɗaya ba, shi ya sa inuwarta ke da daraja a lokacin bazara.

Furenta ƙarami ne, fari mai ɗan ruwan madara, siffarsa kamar ƙararrawa, yana da ƙamshi, ƙwari irin su zuma ne ke kai masa ziyara. Mutane da yawa sun sha kanya tun suna yara amma ba su taɓa lura da furenta ba, saboda ƙanƙantarsa da yadda yake ɓuya a gindin ganye. 'Ya'yan kewayayyu ne, faɗinsu bai cika wuce santimita 2 da rabi ba. Ɗanyarsu kore ce mai tsananin bauri, idan sun nuna sai su koma rawaya su yi zaƙi. A ciki akwai ƙwallaye masu santsi, launin ƙasa-ƙasa, sau da yawa daga 3 zuwa 6. A ƙasar Hausa ana samun nunanniyar kanya daga bayan kaka zuwa cikin hunturu.

Ana ganin ta a bakin kogi, gefen tafki, da kuma kan suri. Zamanta a kan suri yana da dalili: gara tana tara ƙasa mai laushi da abincin tsiro, ramukanta kuma suna barin iska da ruwa su shiga. Duk da wannan maƙwabtaka, katakon kanya na cikin waɗanda gara ba ta cika ci ba. Tana yaɗuwa daga Senegal zuwa Habasha, ta gangara har Namibiya da Afirka ta Kudu, ana kuma samun ta a Yaman.

Siffar jan biri

Jan biri siriri ne mai dogayen ƙafafu da ƙirji mai zurfi, ƙirar jikinsa ta fi kama da ta karen farauta a kan ta sauran birai. Bayansa ja ne kamar jar ƙasa, cikinsa da ƙafafunsa fari-fari. Babban namiji yana da farin gashin baki da furfura a kafaɗa. Namiji yakan kai kimanin kilo 12, mace kuwa kusan rabin haka. Yana da jaka a cikin kumatu inda yake cusa abinci da sauri, ya je wani wuri ya ci a natse, abin da duk mai gadin gonar gyaɗa ya sani.

Babu wani biri a duniya da ya kai shi gudu. An auna gudunsa ya kai kusan kilomita 55 a awa ɗaya. Idan ya ga kare, kura ko mutum, ba ya dogara da hawa sama kamar sauran 'yan uwansa, sai ya zuba a guje a ƙasa. Yakan miƙe tsaye da ƙafa biyu ya leƙa ta saman ciyawa. Itace a wurinsa wurin leƙe ne, wurin hutun rana, da wurin kwana. Da dare garken yakan warwatsu, kowane babba ya kama itacensa, sai uwa da ɗanta kawai ke kwana tare.

Abincinsa ya haɗa da ƙaro, wato danƙon da ke fita daga jikin itatuwa masu ƙaya, da fara da sauran ƙwari, 'ya'yan itace, tsaba, ƙwai da ƙadangaru. Irin wannan abinci a warwatse yake, don haka yana bukatar fili mai faɗi ƙwarai. Masanin Ingila K. R. L. Hall, wanda ya bi garkunan jan biri a Yuganda a shekarun 1960, ya ƙiyasta cewa yankin kiwon garke ɗaya ya kai kusan murabba'in kilomita 50.

Ana samun sa a tsirin ƙasar da ya taso daga Senegal ya ratsa ƙasar Hausa da Chadi zuwa gabashin Afirka. Akwai kuma wasu da suka keɓe a duwatsun Azbin a tsakiyar Sahara, ƙasar da tarihin baka ke cewa Gobirawa sun zauna kafin su gangaro kudu.

Namiji da mace

A nan ne kwatancen ya fi ban sha'awa, domin nahawu da halitta sun saɓa. A Hausa kanya kalma ce ta mace, ana cewa "ta nuna", "ta yi 'ya'ya". Biri kuwa namiji ne, ana cewa "ya karye", kuma kalmar birinya ba ta cika fitowa a bakin mutane ba.

Amma kanya na cikin itatuwan da ke da namiji daban, mace daban, kamar dabino da giginya. Namijin yana fitar da fure cunkus-cunkus, ba ya yin 'ya'ya ko sau ɗaya a rayuwarsa. Macen tana fitar da fure ɗai-ɗai, ita ce ke haihuwa, amma sai ƙwari sun kwaso garin fure daga namiji sun kai mata. Ke nan wani kaso mai yawa na itatuwan da harshe ke kira "ita" maza ne. Wannan yana da tasiri a gona. Manomin da ke rage itatuwa zai fi saurin sare wadda bai taɓa ganin ta yi 'ya'ya ba, ya bar mai haihuwa. Idan aka yi ta haka har mazan suka yi nisa da matan, sai haihuwar waɗanda aka bari ta ragu, ba tare da an gane dalili ba.

Garken jan biri kuwa na mata ne. A yawancin shekara babban namiji ɗaya tak ke cikinsa, sauran duk mata ne da 'ya'yansu, adadinsu yakan kama daga goma sha wani abu har ya haura 50. Matan su ne 'yan gida, a garken aka haife su, a nan za su mutu, su ne ke zaɓar inda za a nufa da safe, su ne kuma ke faɗa da wani garke idan an haɗu. Namijin yakan zauna a gefe yana gadi, kuma ba ya daɗewa wani ya kore shi. 'Ya'ya maza suna barin garke idan sun tasa, su yi yawo su kaɗai ko su haɗa ƙungiyar gwagware. A lokacin barbara wasu mazan sukan kutso cikin garken na ɗan lokaci.

Mace tana fara haihuwa tana da kimanin shekara 3, abin da ya yi wuri idan aka kwatanta da birai masu girmanta. Ciki wata biyar da rabi ne, ɗa guda take haifa, kuma sau da yawa kowace shekara. A Afirka ta Yamma haihuwar tana faɗowa cikin rani. Kanya ba ta da wannan gaggawa. Tana girma a hankali, tana ɗaukar shekaru kafin ta fara fure, amma tana iya rayuwa ta ga jikokin wanda ya fara shan inuwarta, alhali jan biri bai cika wuce shekara 20 da 'yan kai ba.

Wane biri ne na karin maganar?

Birai na shan kanya, haka ma tsuntsaye, jemagu, dila da awaki. Wanda ya haɗiye ƙwallon ko ya ɗauke 'ya'yan zuwa wani wuri yana yi wa itaciyar aikin shuka, domin ƙwallon da ya faɗi a gindin uwarsa ba ya samun haske da sarari. Dabba mai doguwar tafiya kamar jan biri tana iya kai iri nesa fiye da yadda iska ko ruwa za su kai shi a tudu.

Sai dai karin maganar ba ta ce jan biri ba, biri kawai ta ce. A Arewacin Najeriya akwai wani biri da ake kira kirka, Chlorocebus tantalus a kimiyyance, mai baƙar fuska da gashi ruwan toka mai ɗan kore. Shi ba ya nisa da ruwa da manyan itatuwa, kuma ya fi jan biri dogara da 'ya'yan itace. Masanin Japan Naofumi Nakagawa ya kwatanta nau'ukan biyu a gandun dajin Kalamaluwe da ke arewacin Kamaru, inda suke zaune a wuri ɗaya: kirka yana manne da kurmin bakin kogi a ɗan ƙaramin yanki, jan biri yana yawo a fili mai faɗi. Bisa wannan, birin da karyewa za ta fi hana shi shan kanya shi ne kirka, domin shi ne maƙwabcinta na kullum. Karyewar jan biri ta fi haka muni, tunda da ƙafa yake tsira da ransa.

Zamansu da mutane

Kanya abokiyar zama ce. Yara da makiyaya suna shan ta a daji, mata suna tsinko ta su kai kasuwa a sayar a gwangwani tare da magarya, kurna da aduwa. Ana yin ƙotar fartanya da sauran kayan aiki da icenta, ana yin asuwaki da ƙananan rassanta, masu maganin gargajiya kuma suna amfani da ganye, ɓawo da saiwarta. Saboda haka idan ana sharar sabuwar gona akan bar ta a tsaye. Abin da ke cutar da ita shi ne sara don itacen girki da gawayi, sassaƙar ɓawo fiye da kima, da kuma dabbobi da ke cinye ƙananan tsirrai kafin su yi ƙarfi. A wurare da dama na Sahel akan ga manyan itatuwa tsofaffi a gonaki ba tare da ƙanana masu tasowa a kusa da su ba.

Jan biri kuwa a idon manomi ɓarawo ne. Yana shiga gero, dawa, masara, wake da gyaɗa, kuma abin da yake ɓatawa ya fi abin da yake ci. Shi ya sa ake tura yara gadi, ana kafa mutum-mutumi, ana sa karnuka. Mafarauta suna kashe uwa su ɗauki ɗan, a sayar ko a ɗaure shi a gida. Masu wasa da biri da ke yawo kasuwa-kasuwa suna amfani da shi, ana sa masa riga yana rawa ana ba da kuɗi. Ajiye biri a gida yana da haɗari, domin idan ya girma yana cizo, namijin yana da dogayen fiƙoƙi, kuma akwai cututtukan da ke iya ratsawa tsakanin biri da mutum.

Irin wannan rigima ba a Afirka kaɗai take ba. An kai jan biri tsibirin Puerto Rico a yankin Karebiyan don binciken kimiyya, wasu suka kuɓuce suka hayayyafa a kudu maso yammacin tsibirin, har suka zama abin kuka ga manoman kankana da kabewa a can.

Halin da suke ciki

Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ɓacewa a duniya, ta sa jan biri a rukunin waɗanda suka kusa shiga haɗari, saboda raguwar daji da farauta. Kanya ba ta cikin wannan rukuni, domin tana da yawa a faɗin nahiyar. Amma lissafin duniya ba ya nuna abin da ke faruwa a gari ɗaya. Itaciya na iya ƙarewa a ƙauye alhali tana nan birjik a Zambiya.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi masu yawa a wannan yanki, yawan jama'a kuma ya sa gonaki sun cinye saurukan da a da ake bari su huta. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, ta sauya yadda ruwa ke malala a fadamun kwarin. Duk waɗannan sun taɓa halittun biyu, amma ba daidai wa daida ba. Kanya guda ɗaya tana iya rayuwa a tsakiyar gonar gero muddin mai gonar ya ga dama. Garken jan biri ba zai iya ba, yana bukatar daji mai haɗe da juna, da wurin shan ruwa a rani wanda mutane da karnuka ba su tare ba.

A tsallaken iyaka, a jihar Maraɗi, tun daga 1983 aka fara yaɗa dabarar da manoma ke kira sassaben zamani, wadda ɗan Ostareliya Tony Rinaudo ya taimaka wajen ƙarfafa ta. Maimakon a ƙone kututture a tumɓuke shi, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a gyara shi a bar shi ya girma. Ta wannan hanya itatuwa sun dawo a gonaki masu ɗimbin yawa a kudancin Nijar. Dabarar ta dace da itatuwa irin su gawo, kalgo da kanya, amma ba ta mayar wa jan biri da abin da ya rasa ba, domin gona mai itatuwa har yanzu gona ce, kuma akwai mai gadinta.

Ragowar manyan dazuzzukan yankin, kamar dajin Gundumi a ɓangaren Najeriya da na Baban Rafi a ɓangaren Nijar, su ne irin wuraren da suka fi dacewa da shi. Sai dai tun wajen 2019 matsalar 'yan bindiga ta yi tsanani a Isa da Sabon Birni, dubban mutane suka bar ƙauyukansu, wasu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Daji ya zama wurin da manomi, mai tsintar 'ya'yan itace, ma'aikacin gandun daji da ɗalibi mai bincike duk suke tsoron shiga. Masu neman itacen girki da ba sa iya yin nisa sukan koma kan itatuwan da ke bakin gari da cikin gonakin kusa, kuma a nan ne yawancin kanyar da aka bari da gangan take tsaye.